Sara Huɗu a Bakin Teburin Ming Sarun

Ranar Laraba da safe, tun kafin motocin baƙi su fara juye mutane a ƙofar kasuwa, Ming Sarun ta buɗe kwaɗon rumfarta, ta ɗaga ƙyaure, ta kurma ihun da ya tashi tattabarun rufi. Gyalen siliki suna nan a jere, 'yan akwatunan azurfa masu siffar giwa babu wanda ya motsa. Bangon baya ne kawai ya zama fayau. Pidan ɗin, wato ƙyallen silikin da ya shekara ashirin a rataye a wurin, ya yi ƙafa.

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu siliki na kasuwarmu ta Siem Reap ya san wannan ƙyalle. Ja ne mai duhu, kamu biyar, an saƙa masa giwaye da itatuwa masu fure, da wata matakala da ta miƙe zuwa gidajen sama. Ming Sarun takan ce wa baƙi ya haura shekara ɗari, daga fada ya fito, a cikin tulu aka binne shi lokacin yaƙi. Kowace shekara labarin sai ya ƙara ƙiba. Baƙi su buɗe baki, su ɗauki hoto, su sayi gyale bibbiyu su tafi. Ba na sayarwa ba ne, sai da wani dillali mai suna Lok Heng ya kawo mai saye daga ƙasar waje, aka tsayar da Juma'a za a zo ɗauka.

Kasuwarmu ba ta ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Kafin ƙarfe tara kowa ya san ɓarawon.

"Kwaɗo lafiyarsa ƙalau, to wa ke da makulli?"

"Malis mana."

"Kuma ina mijinta yake?"

Mijin Malis yana kurkuku, an kama shi ne da kan wani gunkin dutse da ya gutsuro daga tsohon haikali. Ita kuwa ɗinki take yi wa Ming Sarun, ita ke share rumfa, ita ke riƙe da makulli na biyu. Shugaban layi ya zo ya saurari kowa ban da ita, sannan ya ce idan ƙarfe biyar na yamma ta yi ƙyallen bai fito ba, zai damƙa ta ga 'yan sanda. Malis ba ta yi kuka ba. Ta dai tuna 'yarta mai shekara biyar, wadda idan aka rufe uwa bayan uba ba ta da kowa a garin nan. Ta ratsa taron ta nufi ƙofar gabas, inda Om Norin ke gyaran laima.

*

Om Norin ya shekara goma sha tara yana rarrafe a gonakin bakin iyaka yana tonon nakiyoyi. Ya baro yatsu biyu a can, ya dawo da wata ɗabi'a: kafin ya kalli fuskar mutum sai ya kalli ƙasar da mutumin ya taka. Idan jaka ta ɓata a kasuwa, ko yaron baƙi ya ɓace a cikin layuka, shi ake kira. Ba ya son taron da bakinsa ya zo ɗaya da wuri, don ya ga inda irin wannan ke kai mutane.

Malis ta durƙusa, ta haɗa tafukanta a gaban fuska. "Om, ban ɗauka ba."

"Tashi, 'yata, ƙasan nan akwai laka. Kin karya kumallo?"

Ta girgiza kai. Ya miƙa mata ragowar ɗumamen shinkafarsa, ya rufe akwatin kayan aiki, ya bi layin.

A rumfar ya tuɓe takalmi, ya kori masu leƙe, ya tsuguna. A kan teburin da ke jikin bangon akwai sawun ƙafa, babu takalmi, faffaɗa, ta namiji. Maɗauran da aka rataye ƙyallen da su ba a fizge su ba, kwance su aka yi a natse. A bakin teburin kuma ga sara huɗu na wuƙa, sababbi fil, a jere kusa da juna. Ƙullin farin zaren da ake ɗaure kaya da shi yana kan kantar da ba tasa ba, ya ragu.

"Ming, a bakin tebur kike yanka igiya?"

"Ni? Teburin da na sa aka yi da itace mai tsada? Ga almakashi guda uku."

"Ƙafar nan dai ba ta Malis ba ce."

Wata mai sayar da mafici ta cafe daga waje: "To ai buɗewa ta yi, wani ƙato ya hau. Sai an ce maka?"

Om Norin bai waiga ba. "Ming, ke wa kike zargi?"

Ming Sarun ta shiga gyara gyalen da ba su karkace ba. "Ni ban kama sunan kowa ba. Mutane ne suka faɗa."

Om Norin ya lura da wannan. Mace mai baki kamar Sarun, wadda kan tsaga layi da faɗa a kan tsintsiya, yau an ɗauke mata abin da ya fi komai a rumfarta, amma ta ƙi kama suna.

*

An riga an zazzage jakar Malis a gaban jama'a, an sami guntayen siliki ja da rawaya, kuma wani mai gadi ya rantse ya gan ta da asuba da ƙunshi a hammata. Om Norin ya zaunar da ita a bayan rumfar masu kwanduna.

"Guntayen fa?"

"Na shara ne, Om. Ina ɗinka wa 'yata Nita 'yar tsana."

"Ƙunshin?"

Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. "Busasshen kifi ne da gishiri. Duk Laraba nake ba direban motar da ke wucewa ta kurkuku ya kai wa mijina. Ba na son a sani. Mutane sun ce in rabu da shi, na ce na rabu."

Ya aika aka tambayi direban, ya ce haka ne. Amma da maganar ta dawo layi sai ta juye. Ashe har yanzu tana tare da ɓarawo, aka ce, to me ya rage? Om Norin ya ji haushin kansa, don ya je wanke ta ya ƙara mata baƙi.

*

Lok Heng yana zaune a shagon kofi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa cokali a kofin madara da ƙanƙara. Mutum ne ɗan tsurut mai son turare. An gan shi ranar Litinin yana auna ƙyallen yana leƙen rufin rumfar, kuma wasu sun fara raɗa cewa wanda ya san mai saye ba ya bukatar mai sayarwa.

"Om mai laima! An ce kai ne alƙali yau. Zauna a kawo maka kofi."

"Na gode. Ɗan tuɓe takalminka in gani."

"A nan? A ƙazantar nan? Ko a gidan surukaina sai an yi da gaske." Ya dai zare ɗaya yana dariya. Ƙafar ƙarama ce sumul, kamar ta amarya. "Ka huta? Om, bari in rage maka wahala. Me zan yi da sata? Mutumina ba ƙyalle yake saye ba, labari yake saye. Takarda yake so da sa hannun Ming Sarun, cewa daga fada abin ya fito, a tulu ya kwana. In babu labarin nan, tsumma ne mai kyau kawai."

"Ka san amfanin pidan kuwa?"

"Ado mana. A sa shi a gilashi a falo, a kunna masa fitila."

Om Norin ya miƙe bai sha kofin ba. Rana ta take tsaka, ya rasa mutum biyu da zai zarga, kuma bai matsa ko taku ɗaya ba.

*

Ya je ya zauna a bencin Yeay Sim mai kunun shinkafa, tsohuwar da ta fi shugaban layi sanin abin da ke cikin kowane gida. Hadari ya taso daga wajen tafki, iska ta fara kaɗa ledoji. Yeay Sim ta jawo tamfol tana mita.

"Kai Norin, ka zauna kamar gunki. Kama min can. Ɗaure nan, ɗaure can, saura biyu. In ba a ɗaure duka huɗun ba ai a kanmu zai kwanta."

Yana ɗaure kusurwa ta uku hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli tamfol ɗin shimfiɗe a samansu, sai ga shi yana ɗan shekara tara a ƙauyensu, kafin yaƙi, kakarsa tana kwance numfashinta na fita da ƙyar, kawunansa huɗu kowa na ɗaure igiya a ginshiƙi. Pidan suka rataya mata a saman gado, don idon mai barin duniya ya sauka a kan hanyar sama, kada ya tafi da tsoro. Shekaru sun binne wannan al'ada, har shi kansa ya saba ganin pidan a bango kamar kalanda. A bango maɗauri biyu ya isa. Wanda zai sayar kuwa naɗewa zai yi ya ruga. Mutumin da ya tuɓe takalmi, ya tsaya ya auna igiya huɗu ya yanka, a saman gado zai rataya.

"Yeay, wa ke da mara lafiya a gida? Wanda aka fid da rai da shi."

"Kai, wace irin tambaya ce wannan ana cin abinci?" Ta dai ajiye ludayi. "Akwai mahaifin Yakob mai azurfa, wata uku yana kwance."

"Su Musulmi ne, ba za su rataya masa hoto a ka ba. Sai wa?"

Fuskarta ta sauya. "Thol mai sassaƙa. Mako biyu ke nan yana sayen kunu, ya ce in tsinka shi sosai, ban da barkono, ban da kifi. Jiya ya dawo min da kwanon ko taɓawa ba a yi ba. Na tambaye shi jikin matarsa, sai ya yi murmushi kawai. Yau ban gan shi ba."

Rumfar Pu Thol ita ce ke manne da ta Ming Sarun. A rufe take tun safe, kuma babu wanda ya kula, don mutum ne da ko yana nan ba a jin komai daga gare shi sai ƙarar kurfi a jikin itace. Om Norin ya so a ce dillalin ne.

*

Gidan yana ƙetaren kogi, bayan wani kududdufin furen ruwa, ɗan ƙaramin gida a kan dogayen ginshiƙai. Om Norin ya hau tsani a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa.

Pidan ɗin yana shimfiɗe a sama, an ɗaure kusurwoyinsa da farin zare. Hasken taga ya ratsa shi, jan ya sauko ya rina ɗakin duka. A ƙarƙashinsa wata mace ce kwance, ta ƙare sai ƙashi da idanu, idanun kuma suna sama, leɓɓanta na motsi kamar mai ƙirga zare. Pu Thol yana zaune a gefenta yana jiƙa mata baki da auduga. Da ya ga baƙon bai razana ba. Ya ajiye kofin, ya nuna masa tsani, suka sauka suka zauna a kan gadon gora da ke ƙarƙashin gidan.

"Na san kai za a turo, Bong," in ji Thol, don haka muke kiran yaya a nan.

"Ba wanda ya turo ni. Ta ina ka shiga?"

"Ni na yi katangar katakon da ke tsakanin rumfunanmu. Babu ƙusa ko ɗaya, turaku ne. Ka zare uku, allo ya fita." Ya kalli hannuwansa. "Pidan ɗin kuwa, matata ce ta saƙa shi. Bayan mun dawo daga sansanin gudun hijira, ba mu da komai sai masaƙar da na haɗa mata. Shekara biyu tana ɗaure zare tana rinawa tana kwancewa, tun kafin ta jefa ƙoshiya ko sau ɗaya. Ta ce na ranar tafiyarta ne, don uwarta a bakin rami ta mutu, ba ta ga komai ba sai bakin bindiga. Shekarar ambaliya yunwa ta sa muka kai wa Sarun. Shekara ashirin ina sassaƙa a gefensa ina jin ana cewa daga fada ya fito. Ban taɓa tankawa ba, kowa da abincinsa."

"Me ya hana ka roƙe ta aro?"

"Na roƙa. Ranar Asabar, har ƙasa na durƙusa. Na ce kwana uku kawai. Ta ce in aka ji mai saƙar tana nan da rai a ƙetaren kogi, ta shiga uku. Ta ce kuma wa zai sayi ƙyallen da aka mutu a ƙarƙashinsa." Ya share ido da gefen gyalen wuyansa. "Zan mayar, Bong. Likita ya ce yau ko gobe. Da hannuna zan kai, su yi min abin da za su yi."

Om Norin ya so ya tashi ya tafi a haka. Amma akwai yarinya a kasuwa da ke kallon agogo.

"Thol, sun kama Malis. Sun ce ita ce, saboda makulli. Ƙarfe biyar za a ba 'yan sanda ita, kuma ka san wanda ya shiga hannunsu da sunan miji irin nata ba ya fitowa da wuri. Tana da 'ya ƙarama."

Thol ya dafe kai da hannu biyu. Bai sani ba, ko a mafarki bai kawo ba. "Wayyo. Yarinyar da ke ɗebo min ruwa." Ya ɗago ya kalli Om Norin. "Ka ba ni zuwa gobe, Bong. Don girman iyayenka. Dare ɗaya."

"Zan yi ƙoƙarin riƙe su ba tare da na kama suna ba. In ya gagara, zan faɗa. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya tafi cikin yayyafi, zuciyarsa a dagule.

*

Ƙarfe biyar saura kwata aka taru a mahaɗar layin siliki da layin sassaƙa, ruwa na dukan kwanon rufi. Shugaban layi ya zauna a kujerar roba, Malis a tsaye gefensa, Ming Sarun da Lok Heng a gaba, 'yan sanda biyu sun fake a bakin ƙofa suna shan rake. Har wasu baƙi sun tsaya da jakunkunan tsaraba, suna zaton wasa za a yi.

Om Norin ya yi magana a hankali, yadda ya saba. Ya ce ƙafar da ta hau tebur ba ta Lok Heng ba ce, kowa na iya dubawa in ya iya jure turaren. Aka ɗan yi dariya. Ya ce ba ta ƙofa aka shiga ba, don haka makulli bai da laifi, mai riƙe da shi ma haka. Sannan ya kai su ga sara huɗun, ya tambayi tsofaffin wurin abin da ake yi da pidan da igiya huɗu. Yeay Sim ta dafe ƙirji. Wasu tsofaffi biyu suka sunkuyar da kai, dariyar ta mutu.

"Ming Sarun," in ji shi, "wa ya zo ranar Asabar ya roƙe ki aron ƙyallen nan?"

"Ba kowa."

"Ming, tun da kika ɗaga ƙyaure kin san wanda ya ɗauka. Shi ya sa kika ƙi kama suna. In kin kama nasa, zai faɗi wanda ya saƙa. Sai kika bar su suka kama na yarinyar nan, kina tsaye kina gyara gyale."

"Ƙarya kake min, tsohon banza mai gyaran laima!"

Shugaban layi ya buga hannun kujera. "Om, mun ji hikima. Amma hikima ba ƙyalle ba ce. Ko suna, ko kaya, ko su tafi da ita. Biyar ta yi."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya tofar da ɓawon rake ya matso. Malis ta kalli Om Norin. Ya rufe ido, ya ga ɗakin nan ja da matar da ke ƙirga zare da leɓɓa. Ya buɗe baki zai faɗa.

"Ba sai ka faɗa ba, Bong."

Pu Thol ne, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Ya zaro wani ƙunshin leda daga cikin rigarsa, ya ɗora a cinyar shugaban layi da hannu biyu. "Ni na ɗauka. Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ku sake ta."

Om Norin ya kama hannunsa. "Ta tafi?"

"Tana nan." Thol ya share ruwan da ke fuskarsa. "Ta ji mu, Bong. A ƙarƙashin gadonta muka zauna, daɓen kuma gora ne. Duk ta ji. Ta ce in kwance shi. Na ƙi, na yi mata kuka. Ta ce ta kalle shi tun asuba, kuma ita ta ɗaure kowane zare, ko ta rufe ido tana ganinsa. Ta ce ba za ta hau matakalar da aka jingina a bayan 'yar mutane ba. Ta ce in ban kawo ba, kada in ƙara jiƙa mata baki."

Om Norin ya ji kamar ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinsa. Shekara goma sha tara yana duba inda zai sa ƙafa, yau ya zauna ya saki baki bai ɗaga kai ya ga abin da ke samansa ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya kasa haɗa ido da Thol.

Lok Heng ne ya fara gyaran murya. "To, tunda kaya ya dawo lafiya, ba sai an faɗa wa mutumina duk wannan..."

"Rufe min baki!" Ming Sarun ce. Ta fizge ƙunshin daga cinyar shugaban layi, ta rungume, hawaye na wanke mata hodar fuska. "Ita ta saƙa. Matarsa ce ta saƙa, a gabana ta sauke shi daga masaƙa. Babu fada, babu tulu, ni na ƙirƙira. Kun ji? To ku je ku faɗa." Ta juya ga Thol. "Me kake tsaye kana kallona? Ku tsayar min da adaidaita!"

Shugaban layi ya ɗaga wa 'yan sandan hannu, suka koma bakin ƙofa. Waɗanda suka fi kowa zaƙewa da safe suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce wa Malis yi haƙuri. Ita ma ba ta jira ba. Ta bi bayan su Thol da gudu ta ɗare adaidaitar.

*

Ruwa ya cika hanya, gadar ta cushe da babura. Ming Sarun na dukan bayan direba tana ce masa ya yi sauri, Thol ya ƙura wa hanya ido. Da suka karya kwanar kududdufin, Om Norin ne ya fara hango ta: farar tutar nan mai siffar kada da ake kafawa in an yi mutuwa, an ɗaure ta a dogon gora a ƙofar gidan, ruwa na ɗiga daga jelarta. Maƙwabta sun riga sun kafa.

Thol ya sauka tun kafin adaidaitar ta tsaya. Bai yi gudu ba. Ya hau tsanin ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗauke da buhu.

Wata maƙwabciya ce zaune a gefen gadon, ta kunna turaren tsinke. Ta ce Thol bai daɗe da fita ba, ko gada bai kai ba, matar ta cika. Ta ce ba ta sha wuya ba, idonta na kan kwanon rufi har ƙarshe, kuma ta tambaya sau biyu ko ya isa kasuwa.

Ming Sarun ta zube a daɓen, ta rarrafa ta kama ƙafafun gawar tana neman gafara da muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba. Thol ya zauna ya ɗauki audugar nan da ta bushe, ya riƙe a hannu. Om Norin ne ya kwance ledar. Ba wanda ya yi maganar ɗaurewa. Ya miƙa wa Thol kusurwa ɗaya, ya ta da Sarun ya ba ta ɗaya, ya ba Malis ɗaya, ya riƙe ta ƙarshe da yatsunsa uku. Suka ɗaga shi a samanta, suka tsaya a haka.

Malis ta leƙa ƙarƙashin ƙyallen ta kalli fuskar. Ba ta taɓa ganin matar ba sai yau.

"Pu," ta ce a hankali, "yaya sunanta?"

Thol ya kalli fuskar matarsa.

"Chanthou."

Malis ta maimaita sunan, ta sake maimaitawa don kada ya kuɓuce mata, sannan kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace.